Talatin da Ɗaya a Anka, Talatin da Uku a Gummi

Wannan babi na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku zamana a makarantar safiyo, na rubuta aurena da Innarku, na rubuta shekarun da na yi ina jan sarƙar awo a ƙaramar hukuma, amma duk sa'ad da na iso nan sai in ce hannuna ya gaji. Ba hannun ba ne. Magana ce a kan Kawunku Bello na Gummi, ƙanen Innarku Kulu, wanda kuka taso kuna jin cewa shi ya ɓata aikin burtalin Adabka. Ba shi ya ɓata ba. Zan faɗi yadda aka yi dalla-dalla, kuma sai kun yi haƙuri da ɗan bayanin kwamfuta, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane laifina ba.

Na yi ritaya ke nan, 'yan shekaru bayan masifar gubar dalma, ina zaune a Anka ba abin da nake yi sai gyaran katanga da faɗa da awakin maƙwabta. A lokacin gonaki sun cinye burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa kiwo da mashaya. Kowace damina sai an yi rigima, wani sa'in har da jini. Dattawan manoma da na Fulani daga Anka da Bukkuyum da Gummi suka haɗa wani kwamitin sulhu, suka ce a sake auna burtalan nan, a kafa musu turakun siminti kowa ya gani. Suka nemi safiyo, ga ni a banza. Ta ɓangaren Gummi kuma suka ɗauki Kawunku, wanda ya gama aikinsa na malamin gona, ya san kowace fadama da sunanta. Kun san tsakanin mutum da ƙanen matarsa wasa ne. Bello bai taɓa kirana da sunana ba. Safiyo yake ce mini, wani lokaci Safiyo mai tsawon igiya, ni kuma in ce masa malamin gonar da bai taɓa cika rumbu ba.

Kwamiti ya samo mana kwamfutoci biyu na ɗauka da na'urorin awo na hannu, waɗanda in ka tsaya a wuri suke ba ka lambobin wurin. Aka turo wata injiniya daga Gusau, Malama Rabi, ta yi mako guda tana koya mana. Ba intanet a inda muke aiki, sabis ɗin waya ma sai ka hau tudu. Saboda haka ta sa mana wata manhaja mai riƙe tarihin aiki. Kowace kwamfuta tana ɗauke da cikakken tarihin, babu babba babu ƙarama. In ka gyara layin burtali ka ajiye, manhajar ba ta goge na da, sai ta ƙara sabon a kai, kuma duk ranar da ka so kana iya komawa ka buɗe na baya. In muna son mu haɗa aiki, sai in zuba nawa a filash in ba ɗan kabu-kabu ko direban ranar kasuwa, Bello ya jawo shi cikin tasa, shi ma ya aiko mini nasa. Kowane gyara yana da lamba biyu. Akwai gajeruwa, ɗaya, biyu, uku, har gaba. Akwai kuma doguwa, haruffa da lambobi a cakuɗe guda goma sha biyu, wadda ko aljani ba zai haddace ba. Ranar ƙarshe Malama Rabi ta tsaya a kan wannan har ta ba ni haushi.

"Baba, gajeruwar lamba ta gida ce," in ji ta. "Kwamfutarka ce ke ƙirga gyare-gyare bisa yadda suka shigo mata. Ta Malam Bello ita ma tana nata ƙirgen. Kamar layin injin niƙa ne, ƙwaryarka tana iya zama ta uku a nan, a wani injin ta zama ta goma. Doguwar ita ce ba ta canzawa ko'ina aka kai ta. In za ku yi magana tsakaninku, doguwar za ku faɗa."

Na ce mata na ji. Ban ji ba. Ku gane wani abu game da safiyo: a sana'armu lamba ɗaya ce a duniya. In an zana lamba a kan turke, ita ce a taswira, ita ce a ofis, ita ce a kotu, ko bayan shekara hamsin. Shekara talatin da wani abu na yi a kan haka. Yarinyar da ba ta kai ɗiyata ta fari ba ta zo ta ce mini lamba tana da ta gida da ta waje? Kunnena ya ɗauka, kaina ya ƙi. Kuma wata shida muka yi muna aiki da gajeruwar ba abin da ya faru, saboda a lokacin ɗayanmu ne ke gyara, ɗayan yana jira, lambobinmu suna tafiya tare. Wannan ya ƙara mini taurin kai.

Aikin Adabka shi ne mafi wuya. Akwai wani Ardo Jaɓɓi, dattijo mai sanyin magana, wanda rugarsa ta fi shekara arba'in a gefen garin. Burtalinsa yana bi ta tsakiyar gonaki ya sauka gulbi, amma manoma sun matse shi har ya zama saniya biyu ba sa jerawa, ƙarshensa kuma an toshe da dawa. Sau uku na auna. Na farko na bi abin da manoma suka nuna mini, layin ya tsaya a wata tsamiya, saura tafiyar minti goma a kai ruwa. Na ajiye, kwamfutata ta ba shi lamba ashirin da tara. Na biyu na bi abin da Ardo ya nuna, ya zama talatin. Sannan aka zauna, manoma da makiyaya da mai gari, tun hantsi har la'asar, aka yi ta ja. A ƙarshe manoma uku suka yarda su bar kunyar gona shida shida, burtali ya ɗan karkata ya wuce tsamiya ya kai mashaya. Aka yi fatiha. Na bi sabon layin da ƙafata, Ardo yana biye da ni da sandarsa, na ajiye shi ya zama talatin da ɗaya. Manhajar tana ba ka wurin rubuta bayanin kowane gyara, ni kuwa don lalaci duka ukun “gyara” kawai na rubuta.

Da muka iso bakin ruwa Ardo ya tsaya ya dube ni.

"Malam, takarda ba ni da sani da ita," ya ce. "Kai nis sani. Abin da munka yi yau, shi za a kafa?"

"Shi za a kafa, Ardo. Ni ne safiyo."

A hanyar komawa Anka babur ɗin kabu-kabun da na hau ya zame da mu a wani kwazazzabo, ƙafata ta hagu ta karye, wadda har yau kuke ganin ina ja. Ga damina ta ƙarato, ga siminti an riga an kai Adabka. Kwamiti ya ce Bello ya je ya kafa turakun. Bai halarci zaman ba, bai san yadda aka ƙare ba, layin da ke cikin kwamfuta kawai zai bi. Na zuba aikin a filash na ba direba. Bayan kwana biyu, da hantsi, ina kwance a zaure mai ɗori ya gama murɗa ni, sai ga wayarsa.

"Safiyo, an ce babur ya auna ka ya ga ka yi tsawo ya rage. Filash ya iso. Wanne za ni buɗewa?"

"Talatin da ɗaya."

"Akwai wasu biyu bayanta hwa."

"Ba ruwanka da su. Talatin da ɗaya na ce."

"To karanto min doguwar, yadda Malama tac ce."

"Haba Bello! Ƙafa na ci na, tabarau na cikin ɗaki, kai kuma kana son in yi maka karatun aljanu? Shekara talatin ina safiyo ban taɓa ɓatar da lamba ba. Je ka yi aikinka."

Ya yi dariya ya ce Allah ya ba tsoho lafiya, ya kashe. Innarku tana bakin ƙofa da kwanon kunu, ta ji komai, har ta ce in da na bari ta ɗauko mini tabarau ɗin. Na ce ta bar shi.

Ga abin da ya faru, ku bi shi a hankali. Ranar ƙarshe da muka haɗa aiki, ni da Bello duk muna kan ashirin da takwas. Ni na ƙara uku na Adabka, suka zama ashirin da tara, talatin, talatin da ɗaya. Shi kuma a makonnin nan ya ƙara biyu nasa na wani burtali a Gummi, kwamfutarsa ta ba su ashirin da tara da talatin. Da filash ɗina ya iso, nawa ukun suka hau layi a bayan nasa, suka zama talatin da ɗaya, talatin da biyu, talatin da uku. Layin da aka yi wa fatiha, wanda yake talatin da ɗaya a Anka, shi ne talatin da uku a Gummi. Talatin da ɗayan Bello kuwa shi ne awona na farko, wanda ya tsaya a tsamiya. Biyun da ya ce suna baya, ni na ɗauka nasa ne na Gummi, shi kuma ya ɗauka gwaje-gwajena ne, don ya san halina na taɓa aiki bayan an gama.

Kwana huɗu ya yi da magina yana kafa turaku, kuma ya kafa su daidai, ba kuskuren taku ɗaya. Ardo yana can wajen kiwon rani da shanu, mai gari ya tafi jinyar ɗan'uwansa. Manoman da suka ga turaku sun tsaya a tsamiya ba wanda ya ce uffan, kowa ya ce ƙila kwamiti ya sake shawara. A makon aka yi ruwan shuka. Kafin Ardo ya dawo an shuke har gindin turke na ƙarshe, gero ya fito. Kun san ƙasarmu, abin da ya tsiro ba mai tuge shi a zauna lafiya.

Ardo ya zo har zaurena a Anka. Bai ɗaga murya ba, bai ma karɓi ruwan da aka kawo masa ba. Ya ce ya bi turaku da sandarsa sun ƙare a tsamiya, ya tambaye ni ko shanu za su sha tsamiya. Na rantse masa ba haka na ajiye ba, kuma a ranar, da gaskiyata na rantse, don ban gane ba tukuna. Na ce a kira kwamiti.

Aka zauna a Bukkuyum, a wani ajin makaranta, aka kai ni a mota da sanduna biyu. Na zo da kwamfutata. Bello bai zo da tasa ba, ba wanda ya ce ya zo da ita. Shugaban kwamiti ya tambaye ni me na ce a kafa. Na ce talatin da ɗaya, na buɗe, na juya musu fuskar kwamfutar. Ga lamba, ga layi ya wuce tsamiya ya sauka ruwa, kowa ya leƙa ya gani. Aka juya ga Bello.

"Wallahi talatin da ɗaya na buɗe," ya ce. "Ita na bi, turke bayan turke."

A daidai wannan kalmar na gane. Ba a hanya ba, ba bayan shekara ba, a nan cikin ajin, ina kallon bakinsa. Layin injin niƙan Malama Rabi ya faɗo mini gaba ɗaya, da biyun da ya ce suna baya, da tabarau. Abin da ya rage in ce a dakata, a aika Gummi a ɗauko kwamfutarsa. Faɗin haka minti ɗaya ya isa. Amma ga Ardo a gabana wanda na ce wa ni ne safiyo, ga mutanen da suka shekara talatin suna kawo mini rigimar gona ina yankewa. Wani daga baya ya ce ai Bello malamin gona ne, ina zai ƙi manoma? Aka yi gunaguni. Na sa hannu na rufe kwamfutar. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba a zaman nan, duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma da wannan na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Tsoron kunya ne ya kama ni, ba wani abu ba.

Aka cire Kawunku daga aikin a ranar. Ba a kai shi ko'ina ba, ba a tuhume shi a rubuce ba, sai dai magana ta bi kasuwanni cewa ya ci amanar Fulani. Mutumin da Fulanin Gummi ke kawo wa nono kyauta ya zama in ya yi sallama a ruga sai a amsa daga nesa. Kwamiti ya ce za a gyara turaku bayan kaka. Bayan kaka manoman nan uku suka ce su turke suka sani, kwamitin kuma ya fara watsewa. Ardo Jaɓɓi ya yi damina ɗaya yana zagaye mai nisa da shanu, ta biyu bai yi ba. Ya kwashe rugarsa ya yi kudu, ban sake jin inda yake ba. Ba zan ce turakuna ne suka jawo abin da ya sami ƙasarmu daga baya ba, wannan ya fi ƙarfin safiyo ɗaya. Amma shekara arba'in na zaman mutum a wuri, ni na san a kan me ta ƙare.

A gida kuwa, da na dawo daga Bukkuyum Innarku tana tankaɗe a tsakar gida. Na ba ta labari a gajarce. Ba ta ɗago ba.

"Malam, ranar da yak kira, mi yac ce ka karanto mai?"

"Ke kuma me kika sani a kwamfuta?"

"Ban san komi ba. Tabarau na sani."

Ba ta sake tayar da maganar ba har yau. Sai dai ta daina ce mini in gaishe da Bello in zan kira shi, kuma ban ƙara kiransa ba. Da sallah ta zo ta tafi Gummi ita kaɗai. Shi ma bai yanke zumunci ba, yana zuwa suna da ta'aziyya, ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙo. Ranar da ya fara ce mini “Malam Ibrahim, ina wuni” na ji kamar an mare ni. Wasan nan da muka yi tun yana saurayi ya mutu, kuma ku kuna gani kuka ɗauka kunyar abin da ya yi ce ta hana shi sakewa. Ni kuma na bar ku a haka.

Shekara shida aka yi. Ranar sunan ɗan ɗiyata Asma'u na biyu, da rana tsaka, ina zaure na ji ke Asma'u kina gaya wa dangin mijinki a tsakar gida cewa Babanku bai taɓa kuskuren awo ba, sau ɗaya aka samu matsala, shi ma wani kawunku ne ya ɓata. Da alfahari kika faɗa, ɗiyata, ba laifinki. Kawun naki yana zaune kusa da ni a tabarma, ya ji. Ya ci gaba da ɓare goronsa. Ni na ture kwanon abincin sunan gefe.

Bayan kwana uku na shiga motar Gummi. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran buhunan albasa. Na zauna, na faɗa masa duka, tun daga tabarau har rufe kwamfuta. Ya bari na gama.

"Na sani," ya ce. "Washegarin zaman na buɗe tawa na bi su ɗaya ɗaya. Taka talatin da ɗaya ita ce talatin da ukku wurina."

"To don me ba ka faɗa ba, Bello?"

"In hwaɗa ma wa? Wa za ya gane lamba ta gida da ta waje cikin mutanen nan? Cewa za su yi mai laihi na neman mahita. Mutum guda za ya hwaɗi su yarda, shi ko ya ruhe kwamfuta ina kallo." Ya ɗaure bakin buhu. "Kuma mijin Yaya Kulu ne. Sai na ce bari in jira shi."

"Shekara shida?"

"Ban zaci za ta kai haka ba."

Kuka na yi, ba zan ɓoye muku ba, tsoho da sanda a bakin titi. Na ce zan je Adabka ranar Juma'a in tsaya bayan salla in faɗa, zan nemi duk wanda ya rage a kwamiti. Ya ce in je in na ga hanya ta yi kyau, amma rabin su sun rasu, sauran sun manta, wanda ya kamata ya ji kuma ba a san inda yake ba. Na je ɗin daga baya, na faɗa, mutane suka gyaɗa kai suka watse. Turakun suna nan, na ƙarshe a gindin tsamiya. Amma a ranar, kafin in tashi, na tambaye shi me yake so in yi masa.

"Mutanen Adabka ba su dame ni ba," ya ce. "Ɗiyan Yaya Kulu nika ji. Su za ka gaya ma."

Na ce to. Sai ga shi wannan ma ta yi mini nauyi, na yi ta cewa sai kun taru, kuka taru sau nawa ban buɗe baki ba. Har yau Malam Ibrahim yake ce mini, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya sa na rubuta, don takarda ba ta jin kunya ta fasa. Asma'u, ki karanta wa dangin mijinki wannan babi. Sauran ku kuma, kowa ya shirya ya je Gummi da ƙafarsa, ba ta waya ba. Kawunku ya buɗe abin da na ce ya buɗe, ya kafa shi daidai. Ya nemi in karanta masa doguwar lamba, Innarku tana tsaye za ta ɗauko mini tabarau, ni na ce a bar shi.